Yaya Ake Amfani da "Astonish" a Turancin Yau da Kullum?

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC. A wani insha'i na rubuta "I very astonished with my result", sai malaminmu ya zagaye jimlar da jan biro, bai rubuta komai ba illa alamar tambaya. Na duba ƙamus na ga "astonish" na nufin a ba mutum mamaki ƙwarai. To ina kuskuren yake? Kuma mene ne bambancinta da "surprise" da "amaze"?

Amsa: 'Yar'uwa, ƙamus bai yi miki ƙarya ba, ma'anar ke nan. Sai dai ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya cika nuna yadda kalma take zama a cikin jimla ba. Jimlarki kalmomi shida ce, kuma kurakurai uku ne a cikinta: babu "was", "very" ba wurinta ba ne, "with" ma haka. Gyararriyar ita ce "I was absolutely astonished at my result", ko ki sa "by" a madadin "at". Ko wane ɗaya daga cikin ukun nan yana da dalilinsa, kuma biyu daga ciki Hausa ce ta jawo miki su.

Mu fara da babban. A Hausa muna da hanya biyu: "na yi mamaki", da "abin ya ba ni mamaki". A ta farko ni ne a gaban jimla, ni nake yin mamakin. A ta biyu abin ne a gaba, ni kuma aka ba. Aikatau ɗin "astonish" hanya ta biyu kaɗai ya sani. Abin da ya jawo mamakin shi ne aikau, mutumin da mamakin ya kama shi ne karɓau. "The result astonished me", wato sakamakon ya ba ni mamaki ƙwarai. "Her answer astonished the judges", amsarta ta ba alƙalan gasar mamaki. Aikatau ne so-karɓau, ba ya tsayawa shi kaɗai. Saboda haka idan kika ce "I astonished" kika yi shiru, Bature zai tsaya yana sauraron ki, yana jiran ki faɗi wanda kika ba mamakin, domin abin da ya ji shi ne "na ba wa...", jimla ta yanke a tsakiya. Idan kina son ki sa kanki a gaba kamar yadda "na yi mamaki" take, dole ki juya jimlar da "am" ko "was": "I was astonished". Abin da ke ƙarƙashinta shi ne "an ba ni mamaki". Duk sa'ad da "na yi mamaki" ta zo miki a ka, ki fara mayar da ita "an ba ni mamaki" a zuci, sannan ki faɗa da Turanci. Da wannan ɗan juyin kaɗai "was" ba za ta ƙara ɓace miki ba.

Wannan ba halin "astonish" ba ne ita kaɗai. "Surprise", "amaze", "shock", "astound", "stun", duk haka suke tafiya. Wanda ya ce "I surprised when I saw him" ya yi kuskure iri ɗaya da naki.

Daga nan ne ake samun sifofi biyu da ke rikita ɗalibai. Mai ƙarewa da "ed" tana bayanin wanda abin ya sama, mai ƙarewa da "ing" tana bayanin abin da ya jawo. "Astonished" mai mamaki, "astonishing" abin mamaki. "The crowd was astonished", taron jama'a ya cika da mamaki. "The goal was astonishing", ƙwallon da aka zura abin mamaki ce. Idan kika ce "I am astonishing" ba ki yi kuskuren nahawu ba, amma kin yabi kanki, kin ce ke abar al'ajabi ce, kamar dai mai son cewa ya gundura ya ce "I am boring", ya sanar da mutane cewa shi ne mai gundurar da su. A gaskiya ma a Turancin yau da kullum waɗannan sifofin biyu sun fi aikatau ɗin kansa yawo. Za ki ji "astonishing" da "astonished" sau da yawa kafin ki ji wani ya ce "it astonished me".

Sai "very". A Turanci akwai sifofi masu hawa-hawa, akwai waɗanda suke can ƙololuwa tun asali. "Cold" tana hawa: a ɗan ji sanyi, a ji sosai. "Freezing" kuwa ta riga ta kai ƙarshe. "Surprised" tana cikin na farko, shi ya sa "a bit surprised", "rather surprised", "very surprised" duk suke daidai. "Astonished" tana cikin na biyu, ma'anarta ma ita ce "very surprised", don haka ƙara mata "very" kamar ki ce "fari fat sosai" ne, ko "ja wur ƙwarai". Mai jin Hausa zai gane nufinki, amma zai san "fat" ta riga ta gama aikin. Ba zan ce ba a taɓa jin Bature ya ce "very astonished" ba, ana ji jefi-jefi, amma kunne ba ya son ta, mai duba jarrabawa kuma zai ja mata layi. Abokan tafiyarta su ne "absolutely", "utterly", "completely", "truly", "genuinely", "frankly". "Really" tana shiga ko'ina, da masu hawa da na ƙololuwa, saboda haka idan kika rasa ta cewa ki kama ta. Akwai kuma "quite", wadda take da fuska biyu a Turancin Ingila: "quite surprised" na nufin an ɗan yi mamaki daidai gwargwado, amma "quite astonished" na nufin mamaki ya kai matuƙa. Kalma ɗaya, sifar da ta biyo baya ce take tantance nauyinta. Haka nan "a little astonished" da "slightly astonished" suna karo da kansu, sai dai mai barkwanci da ya faɗa da gangan.

Kuma ko da "very" ta dace, ba ta zama gaban aikatau kai tsaye. Ba a cewa "it very surprised me". Sai dai "it really surprised me" ko "it surprised me very much".

Na uku, "with". Ina ganin hanya biyu ta shigo miki. Ɗaya ita ce "da" ta Hausa, kamar a "na yi mamaki da na ga sakamakon", domin hannu ya saba mayar da ko wace "da" zuwa "with". Ɗayar kuma ita ce kin saba da "pleased with my result", "satisfied with my result", "disappointed with my result", waɗanda duk daidai ne. Dangin mamaki ba sa bin wannan layin. Bayan "astonished", "surprised", "amazed" da "shocked", "at" ko "by" ake sawa. A mafi yawan jimloli ko wacce kika ɗauka ta yi. Ɗan bambancin da ke akwai shi ne "by" ta fi karkata ga abin da ya auku ya same ki, "at" kuma ta fi karkata ga abin da kika duba kika auna, musamman halin mutum ko girman abu: "astonished by the news", "astonished at his rudeness", "astonished at how cheap it was". Wuri ɗaya da bambancin yake da kaifi shi ne idan mutum ne ya biyo baya. "I'm surprised at you" ba labari ba ne, faɗa ne. Ita ce daidai da "kai, ka ba ni mamaki" da uwa take ce wa ɗanta babba idan ya yi abin yara. Ba wanda zai ji ta ya yi godiya.

Amma kada ki kori "with" gaba ɗaya, tana da wurinta. Idan aikatau ɗin yana tsaye a kan ƙafarsa, ba a juya shi ba, "with" ce take kawo abin da aka ba da mamakin da shi: "The boy astonished his teachers with his memory", yaron ya ba malamansa mamaki da ƙarfin haddarsa. Idan kuma aiki ne ya yi, sai "by" da aikatau mai "ing": "She astonished everyone by refusing the money", ta ba kowa mamaki da ta ƙi karɓar kuɗin. Mutum ma yakan ba kansa: "I astonished myself by finishing first".

Sauran hanyoyin da take ginuwa ba su da yawa, kuma da kin riƙe su kin gama. Akwai "to" da aikatau na gani ko ji ko ganowa: "astonished to see", "to hear", "to find", "to learn", "to discover", "to read". Wannan ita ce ainihin fassarar "na yi mamaki da na ga" ko "da na ji". Ba a cewa "astonished to seeing", ba a kuma cewa "astonished for hearing". Akwai "that" da cikakkiyar jimla: "I was astonished that nobody complained". Akwai wadda take farawa da "it": "It astonishes me that people still believe him". Wannan "it" ɗin ba ta nufin komai, gurbi kawai take riƙewa, amma ba a yar da ita, domin jimlar Turanci ba ta tashi babu aikau. Sai kuma wadda ta yi daidai da tamu kamar an auna: "abin da ke ba ni mamaki shi ne" ita ce "What astonishes me is that". A nan kurakurai biyu ake yi. Wasu suna fassara "shi ne" su ce "what astonishes me it is that", alhali "is" kaɗai ta isa. Wasu kuma suna bin "ke" ko "yana" su ce "what is astonishing me", ko "he is astonishing me". Turanci ba ya son wannan aikatau a sigar aiki mai ci gaba. "Kullum yana ba ni mamaki" ita ce "he always astonishes me", ko kuma wadda ta zama kamar karin magana a bakinsu, "he never ceases to amaze me". A wannan ta ƙarshe "amaze" ce aka fi ji, kuma ana faɗarta don yabo, ana faɗarta don gatse, murya ce take rarrabewa.

Kada ki ce "I got astonished". "I got a shock" da "I got a surprise" suna nan, domin can suna ne. Da "astonished" kuwa "was", "looked", "seemed", "sounded" ake tafiya.

Sunanta "astonishment", kuma ba a ƙirga shi. A maganar yau da kullum ba "an astonishment", ba jam'i. Ba a kuma "ba da" shi ko "yin" sa kamar yadda muke ba da mamaki mu yi mamaki, don haka "it gave me astonishment" Hausa ce sanye da kwat. Wuraren da yake zama ƙayyadaddu ne: "to my astonishment" a farkon jimla, ko "much to everyone's astonishment", "in astonishment" bayan aikatau na kallo, kamar "they stared at him in astonishment", wato suka zuba masa ido baki buɗe, sai "expressed astonishment at" a harshen jarida. A nan "surprise" ta fi ta sakewa nesa ba kusa ba, domin ita aikatau ce kuma suna ce, ana ƙirga ta, tana shiga "a pleasant surprise", "a surprise visit", "it took me by surprise". Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da "astonish" za ta iya shiga. Bayanau ɗin kuwa, "astonishingly", yana ƙarfafa sifa, kamar "astonishingly cheap", araha ta ban mamaki, ko ya buɗe jimla: "Astonishingly, nobody was hurt", abin mamaki, ba wanda ya ji rauni. Akwai wani gini da masu labarin wasanni da kasuwanci suke so, inda "an" take zuwa gaban adadi mai yawa: "She sold an astonishing 300 bags in one day". Ba kuskure ba ne, an ɗauki adadin a matsayin dunƙule ɗaya. A cire sifar kuwa, "an" ma ta tafi.

Yanzu ga inda ƙamus ba zai taimake ki ba, wato nauyin kalmar da launinta.

Asalinta yana nuna nauyin. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci "estoner", wadda masana suke mayarwa ga kalmar Latin ta tsawa, "tonare". A da can ma'anarta a buge mutum ya sandare, kamar wanda aradu ta faɗa kusa da shi. Sigar da muke gani yau mai "ish" a ƙarshe ta zauna ne a ƙarni na 16. "Astound" da "stun" duk daga wannan tushen suka fito, 'yan ɗaki ɗaya ne. To kalmar da aka haifa daga tsawa ba a kashe ta a kan ƙaramin abu. "Surprise" ita ce ta kullum: abin da ba ki zata ba ya faru, babba ko ƙarami. "Astonish" kuwa sai abin da da wani ne ya ba ki labari da kin ce ƙarya yake. Ƙawarki ta zo ba sanarwa, "surprised". Ɗalibar da ba ta taɓa wuce ta talatin a aji ba ta zo ta ɗaya a jiha, "astonished". Da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016, bayan da kyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabata, wannan shi ne irin abin da "astonishing" ta dace da shi ba tare da ƙari ba. A Hausa ta fi kusa da "al'ajabi" da "abin ya ɗaure mini kai" fiye da "mamaki" tsurarsa.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci akwai tarko a nan. "Étonner" ta yau jikar waccan "estoner" ce, amma ta yi sanyi, ta koma ta yau da kullum. "Ça m'étonne" yawanci "that surprises me" ce, "ça ne m'étonne pas" kuma "I'm not surprised". Wanda ya mayar da ko wace "étonner" zuwa "astonish" zai riƙa jin kamar mutumin da kome ke gigita shi. Kuma ta Turanci "n" ɗaya gare ta, ba biyu ba.

Wannan ya kawo mu ga korewa. "Astonish" ba ta cika son "not" ba. "Ban yi mamaki ba" ita ce "I'm not surprised". "Ba abin mamaki ba ne" ita ce "it's not surprising", ko "no wonder". Sai "ba mamaki" tamu ta hasashe, kamar a "ba mamaki ya zo gobe", wadda ba ta da alaƙa da mamaki sam, "wataƙila" ce mai ƙarfi. Turancinta "he may well come tomorrow", ko "I wouldn't be surprised if he came tomorrow". Sa "astonished" a nan zai sa jimlar ta yi banbaraƙwai. Inda take shiga hasashe shi ne ta ɗaya gefen: "I'd be astonished if he came", wato in ya zo a yanka ni, kusan rantsuwa ce cewa ba zai zo ba.

Launinta kuwa, ita kanta ba ta yabo ba ce ba ta zargi ba, amma a bakin manya da cikin wasiƙun ofis tana yawan karkata ga rashin jin daɗi. "I was astonished to receive your letter of 3 March" ba murna ba ce. Marubucin yana cewa ne cikin ladabi, "wace irin wasiƙar banza ce wannan?" Ɗan majalisa ya ce "I find it astonishing that the minister has not replied", zargi ne ya naɗe a cikin mamaki. Jarida ta rubuta "an astonishing admission" ko "an astonishing lack of care", duk tsawatarwa ce. Saboda haka ma'aikaci ya yi hattara da ita a wasiƙa zuwa ga shugabansa. "I was astonished by your decision, sir" za ta isa kunnen maigida a matsayin "ban zaci za ka yi wannan wautar ba". Idan ba faɗa ake nema ba, "I was not expecting this decision" ta fi lafiya. Haka wajen yabo: "I was astonished that you passed" cin fuska ne, kamar dai a ce wa mutum "wallahi na yi mamaki da ka ci". A mayar da sifar kan aikin, ba kan mutumin ba: "That's an astonishing result". Akwai ma "You astonish me" da mutanen Ingila kan faɗa da busasshiyar murya idan aka ba su labarin da kowa ya sani, irin "a'a, don Allah?" tamu ta gatse.

"Amaze" ta fi ta fara'a. Mamaki ne mai haɗe da burgewa, kuma sifarta "amazing" an yi ta amfani da ita har ta lalace ta koma "mai kyau ƙwarai" kawai. Ki ɗauka an gayyace ki cin abinci, uwargida ta tsaya tana jiran ta ji ra'ayinki. Kika ce "The food was amazing", za ta yi murmushi ta ƙara miki. Kika ce "The food was astonishing", za ta ɗan dakata da cokali a hannu tana duban fuskarki, domin ba ta sani ba ko daɗin ne ya kai haka ko gishirin. Wannan shi ne bambancin a aikace. A hira da saƙon waya "amazing" ce take mulki. A insha'in jarrabawa kuwa ta yi araha, "astonishing" ko "remarkable" sun fi ta kima idan abin ya cancanta.

"Shock" ta mummunan labari ce, ko abin da ya saɓa wa tarbiyya. Ita ce "girgiza" da "kaɗuwa". Wannan ki riƙe shi da kyau saboda ta'aziyya: ba a rubuta "I was astonished to hear of your father's death", balle "amazed". Ana cewa "I was shocked and saddened to hear", ko a sauƙaƙe "I was so sorry to hear". "Startle" kuma firgita ce ta jiki, ta ɗan lokaci: ƙofa ta buga, wani ya yi magana a bayanki, kika zabura. Ba ta bukatar abin ya zama na al'ajabi, kyanwa ma tana iya yi. "Stun" ita ce a bar mutum sororo ya kasa motsi, da alheri ko da sharri, kuma har yau tana riƙe da ma'anarta ta bugu a ka. Gajartarta ta sa masu kanun labarai suke ƙaunar ta: irin ranar da Senegal ta ci Faransa 1 da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002, ko Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a Qatar a 2022, "stun" ce kalmar da take dacewa da kanu. Amma sifarta "stunning" ta bi hanyar "amazing", yawanci kyau take nufi, "you look stunning" yabon kwalliya ne. "Astound" kusan tagwaye suke da "astonish", ta ɗan fi ta nauyi da ƙamshin littafi. "Staggering" ta adadi ce, kuɗi ko bashi ko asara da ya fi ƙarfin lissafi. "Taken aback" ta fi sauƙi: an faɗa miki abin da ba ki zata ba, galibi mara daɗi, kika ɗan yi turus.

Akwai "flabbergasted", wadda ɗalibanmu suke so saboda tana cika baki. Tsohuwa ce, tun shekarun 1770 ake ganin ta a rubuce, amma har yau ba ta daina zama ta raha ba. A hira tana da daɗi, a wasiƙar neman aiki ko rahoto tana sa a yi wa mutum dariya. "Gobsmacked" ta titin Birtaniya ce, "gob" baki ne a bakin 'yan unguwa, hoton kuwa na wanda ya dafe baki don mamaki, kamar yadda mu ma muke riƙe baki. Kada ta shiga takardar jarrabawa. Kuma gaskiyar magana, a hirar yau da kullum Bature da mamaki ya kama ba ya cika neman ko ɗaya daga cikin manyan nan. "I couldn't believe it" zai ce, ko "No way", ko "You're joking". "Astonished" ta fi zama a jarida, da littafi, da jawabi, da bakin wanda yake auna maganarsa.

Wata kalma da "mamaki" take jawowa ita ce "wonder". "I wonder" ba "ina mamaki" ba ce a yawancin lokaci, "ko" ce ta tunani: "I wonder where he is", ko ina ya shiga? Ba ta maye gurbin "I'm surprised".

Furuci, tunda WAEC da NECO suna da ɓangaren gwajin furuci, JAMB ma tana tambayar inda nauyin murya yake faɗawa. "Astonish" gaɓa uku ce, nauyin yana kan ta tsakiya: as-TON-ish. Wasalin farko rarrauna ne, ɗan guntun sauti da kusan ba a ji, ba "a" cikakkiya irin ta "ayaba" ba. Wasalin tsakiya a Ingila gajeren "o" ne, a Amurka ya buɗe ya koma kamar doguwar "a". Nauyin ba ya matsawa ko an ƙara ɗafi: as-TON-ishing, as-TON-ishment, as-TON-ishingly. Galibin aikatau masu ƙarewa da "ish" haka suke, nauyi a gaɓar da take gab da ƙarshe: es-TAB-lish, a-BOL-ish, di-MIN-ish, ac-COM-plish. Wurin da harshenmu yake tuntuɓe biyu ne. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a ƙarshen kalma, don haka "astonished" takan fito "astonishid" ko "astonishet" da gaɓa huɗu. Gaɓa uku ce, "ed" ɗin kuma "t" ake furtawa, manne da "sh" ba wasali a tsakani, kamar a "finished" da "washed". Ki gwada da cewa "sh" irin ta mai sa yaro shiru, ki datse ta da "t". Wasu kuma don gudun wahalar sai su yar da "t" ɗin gaba ɗaya, daga nan kuskuren ya bi su har rubutu, su rubuta "I was astonish". "Astonishes" ita ce mai gaɓa huɗu, ƙarshenta "iz".

A tambayoyin zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana, idan aka ja layi a ƙarƙashin "astonished" kuma aka ba ki "amazed" ko "astounded" tare da "surprised", ɗauki ɗaya daga cikin na farko, domin nauyinsu ɗaya. "Frightened", "confused" da "annoyed" tarko ne, suna iya rakiyar mamaki amma ba su ne shi ba.

Jimlarki kuma, gyaranta na ƙarshe ya danganta da abin da kike nufi, wanda alamar tambayar malaminku ma wataƙila shi take nema. Idan sakamakon ya zarce duk abin da kika zata, "I was astonished to find that I had passed all nine subjects" ta fi "astonished at my result" kyau, domin ta faɗi abin da ya ba da mamakin, mai karatu ba zai tsaya yana tunanin ci aka yi ko faɗuwa ba. Idan muni ya yi, "I was shocked by my result". Idan kuwa daɗi kawai kika ji, kin yi karatu kin kuma ga abin da kika shuka, babu mamaki a ciki, sai ki ce "I was delighted with my result", ga "with" ɗinki ta dawo gidanta.